Luwi Paster da ƙwayoyin da ke gudun iska

In aka kife tukunya bisa fitila mai ci, ba a jimawa sai wutar ta mutu. In aka toshe ma mutum hanci da baki, ba ya wuce ƴan mintoci da rai. Wuta da mutum duka suna bukatar wani sashe na iska wanda ake kira oksijen. In an raba iska kashi 100, kashi 21 oksijen ne.

Shekaru da yawa masana suna ɗauka cewa babu mai rai da zai iya zama in babu oksijen, tun daga giwa har kiyashi. A shekara ta 1861 wani Bafaranshe ya nuna cewa ba haka ba ne. Ya gano waɗansu halittu ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, suna zaune lafiya inda babu iska, kuma in iska ta taɓa su sai su mutu. Sunan wannan mutum Luwi Paster. Da Faransanci Louis Pasteur ake rubuta shi.

Ɗan majemi

An haifi Luwi Paster ran 27 ga watan Disamba na shekara ta 1822, a garin Dol, gabashin ƙasar Faransa. Ubansa majemi ne, jima kuwa gadon gidansu ce. Uban ya taɓa yin soja cikin rundunar Napoleyon, ya kai muƙamin saje, sa'an nan ya ajiye bindiga ya koma ga fatu. A 1827 suka ƙaura zuwa Arbuwa, wani ƙaramin gari mai gonakin inabi. Gidansu yana bakin rafi, ramukan jiƙa fatu suna tsakar gida. Cikin warin jima Luwi ya tashi, irin warin da duk wanda ya taɓa bi ta majemar Damagaram ko ta Maradi ya sani.

Uban bai yi karatu mai nisa ba, amma babban burinsa shi ne ɗansa ya zama malamin makaranta. Da dare, in ya tashi daga aiki, yakan zauna da yaron suna bitar darasi. Luwi ba ya cikin na gaba-gaba a aji. Yana da nawa wajen ba da amsa, don ba ya son faɗin abin da bai tabbata ba. Abin da ya fi so shi ne kamun kifi da zane. Ya zana surar uwarsa da ta ubansa da ta maƙwabta, kuma waɗansu zanen suna nan ajiye har yau.

A 1838, yana ɗan shekara 15, aka aika shi karatu birnin Pari. Kewar gida ta kama shi har ya kasa barci. Bayan ƴan makonni uban ya je ya maido shi. Daga nan aka sa shi makaranta a Bezanson, wadda ta fi kusa da gida. Ya ci jarrabawar bakaloreya, amma a ilimin sinadarai makin da aka ba shi ba na yabo ba ne. A 1842 ya ci jarrabawar shiga babbar makarantar horon malamai ta Pari, sai dai sunansa yana can ƙasa. Bai gamsu ba. Ya ƙi shiga, ya ƙara shekara guda yana shiri, ya sake jarrabawar a 1843 ya zo na 4.

Hannun dama da hannun hagu

A wannan makaranta ya saba da mikiroskop, wato madubin da ke ƙara ma ƙaramin abu girma sau ɗaruruwa. A 1848, yana da shekara 25, ya yi binciken farko da ya sa aka san sunansa. Akwai wani irin gishiri da ake samu daga abin da ke daskarewa a jikin gangunan giyar inabi. Masana sun riga sun duba ƴan duwatsun wannan gishiri, sun ce duka iri ɗaya ne. Paster ya duba, ya sake dubawa, sai ya ga iri biyu ne. Sun yi kama da juna, amma waɗansu sun karkata dama, waɗansu sun karkata hagu, kamar hannuwan mutum biyu. Ya ɗauki hantsaki ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya yi tari biyu. Wannan aiki ya koya masa kada ya wuce ƙaramin abu ba tare da ya tsaya ya duba ba.

A 1849 aka tura shi koyarwa jami'ar Estrasbur. A nan ya auri Mari Loran, ɗiyar shugaban jami'ar. Ita ce ke rubuta masa abin da ya shibta mata da dare, ita ce kuma ke riƙe da gida sa'ad da ya nutse cikin aiki. Sun haifi ƴaƴa biyar.

Gangunan da suka yi tsami

A 1854 aka naɗa shi shugaban sashen kimiyya na jami'ar Lil, arewacin Faransa. Lil garin masana'antu ne. A gonakin yankin ana noma wata saiwa mai zaƙi da ake kira betarab, ana yin sukari da ita, ana kuma tsima ruwanta a fitar da barasa. A 1856 wani mai masana'anta da ake kira Bigo ya kawo masa kuka. Waɗansu gangunansa suna ba da barasa, waɗansu kuwa sai su yi tsami su lalace, ga hasara tana ta ƙaruwa.

Paster ya ɗebo ruwa daga gangunan ya sa ƙarƙashin madubi. Cikin ruwan ganguna masu kyau ya ga ƴan ƙwayoyi kewayayyu suna tohuwa. Yisti ne, abin nan da masu burodi ke sa ma ƙullu don ya kumbura. Cikin ruwan da ya yi tsami kuwa ya ga waɗansu ƙwayoyi dabam, ƙanana, masu kama da guntayen tsinke.

A lokacin manyan masana, irin su Libig na ƙasar Jamus, suna koyar da cewa tsimuwa lalacewar abu ce kurum, babu mai rai a cikinta. Paster ya ce aikin halittu masu rai ne: suna cin sukari, suna hayayyafa, suna fitar da barasa ko tsami. Ya ƙara da cewa kowace irin tsimuwa da tata ƙwayar. A 1857 ya buga bincikensa bisa ƙwayar da ke maida madara nono mai tsami.

Abin da ya gani a bakin ɗigon ruwa

Ƙarshen 1857 ya koma Pari, makarantar da ya yi karatu, don ya riƙa kula da ita. Ba a ba shi ɗakin gwaje-gwaje ba. Sai ya share ɗakuna biyu can ƙarƙashin rufin bene, inda zafi ke gasa mutum da bazara, sanyi kuma ya hana shi riƙe alƙalami da hunturu. A nan ya ci gaba da aiki, kamin a ba shi wani ɗan gini kusa da ƙofar makarantar.

Akwai wani tsami mai wari da ake ji a man shanu in ya daɗe ya lalace. Paster ya lura wannan tsami yana fitowa cikin waɗansu kwalabensa, sai ya shiga neman ƙwayar da ke yin sa. Duk sa'ad da ya duba ruwan, sai ya tarar da waɗansu ƴan sanduna masu motsi, suna ninƙaya suna lanƙwasa. Kaurin kowace bai wuce kashi 2 cikin 1000 na milimita ba. Sai an jera wajen 500 gefe da gefe kamin su cika milimita guda. Da farko ya ɗauka baƙi ne da suka shigo suna cinye masa ƙwayar da yake nema. Ya yi ta ƙoƙarin raba ruwan da su, ya kasa. Daga baya ya gane su ne ke yin tsamin.

Wata rana, farkon 1861, ya ɗiga ruwan bisa gilashi, ya rufe da wani gilashi siriri, ya kafa ido. Ya riga ya san halin sauran ƙananan halittun ruwa: in an rufe su haka, bakin ɗigon suke taruwa, inda iska ke shigowa, kamar yadda kifi ke tasowa sama in tabki ya fara ƙafewa. Amma waɗannan ƴan sanduna sun saɓa. Na tsakiya, inda iska ba ta kai, suna ta motsi. Na bakin ɗigon, inda iska ke taɓa su, sun tsaya cik.

Wani da ya ga haka da sai ya ce ruwan ne ya bushe a gefe, ya goge gilashinsa ya wuce. Paster ya tambayi kansa ko iska ce ke cutar da su. Shi kansa abin ya yi masa wuyar yarda, don ya saɓa ma duk abin da aka koya masa. Sai ya shirya gwaji. Ya ɗauki kwalba mai cike da waɗannan ƙwayoyi, ya riƙa hura iska cikin ruwan. Bayan awa ɗaya ko biyu motsi ya tsaya, tsimuwar ma ta tsaya. Ya ɗauki wata kwalba ya hura mata iskar karbonik, wadda babu oksijen a cikinta. Ƙwayoyin suka ci gaba da motsi da hayayyafa, ko a jikinsu. Gani ya kori ji.

Cikin watan Fabrairu na 1861 ya kai labarin gaban majalisar masana kimiyya ta Faransa. Waɗansu suka yi shakka. A gaskiya, tun a 1680 wani ɗan ƙasar Holan mai suna Lewenhuk ya taɓa ganin ƙananan halittu suna motsi cikin ruwan da ya toshe a bututun gilashi. Amma ba a gane ma'anar abin ba, aka manta da shi. A 1863 Paster ya raɗa sunaye biyu da ake aiki da su har yau. Ƙwayoyin da ke bukatar iska ya kira su aérobies da Faransanci, waɗanda ke rayuwa babu iska kuwa anaérobies.

Masu son iska da masu gudunta

Da ya samu bakin zaren, sai ya koma ga yisti. Ya zuba waɗansu cikin faranti mai faɗi inda iska ke kai musu sosai, waɗansu kuma cikin kwalba cikakkiya da ya toshe. Na faranti suka yi ta hayayyafa, barasa kaɗan suka fitar. Na kwalba ba su ƙaru sosai ba, amma sun cinye sukari mai yawa sun maida shi barasa. Ashe yisti yana iya zama ta hanya biyu. In akwai oksijen, sukari kaɗan yana ba shi ƙarfi mai yawa. In babu, sai ya ci sukari ninkin ba ninkin kamin ya samu abin da zai riƙe rai.

Ya kuma duba yadda romon nama ke ruɓewa. Ƙwayoyi masu son iska su ke fara aiki. Suna shanye oksijen da ke cikin romon, sa'an nan su taru a sama su yi yana. Wannan yana tana tare iska. Ƙarƙashinta sai masu gudun iska su farka su shiga nasu aiki, su ne ke fitar da ɗoyi. Ta haka ganye da mushe ke ruɓewa su koma ƙasa su zama taki.

Cikin waɗannan shekaru ne kuma ya yi gardama da masu cewa ƙwayoyi suna fitowa da kansu cikin romo. Ya tafasa romo cikin kwalabe masu dogon wuya lanƙwasasshe, kamar na zalɓe. Iska tana shiga, amma ƙura tana maƙalewa a lanƙwasar, romon kuwa bai lalace ba. A 1860 ya hau manyan duwatsun Alp da kwalabe 20, ya buɗe su inda iska ba ta da ƙura, ya sake toshewa. Guda ɗaya kaɗai ta lalace. A 1865 ya nuna cewa in an ɗumama giyar inabi zuwa wajen digiri 55, ƙwayoyin da ke ɓata ta suna mutuwa. Daga baya aka ɗauki wannan dabara ana yi ma madara, aka kuma sa mata sunansa.

Shekarun baƙin ciki

A 1859 babbar ɗiyarsa ta rasu da zazzaɓin tifoyid, tana da shekara 9. A 1865 hukuma ta aika shi kudancin Faransa, garin Ales, inda wata cuta ke ƙarar da tsutsotsin da ke saƙar siliki. Ya isa ke nan sai aka aiko masa ubansa ba lafiya. Kamin ya kai Arbuwa tsohon ya cika. Cikin wannan shekara ƙaramar ɗiyarsa ta rasu tana da shekara 2. A 1866 tifoyid ta sake ɗauke masa wata ɗiyar mai shekara 12. Cikin ƴaƴansa biyar, biyu suka girma.

A watan Oktoba na 1868, yana da shekara 45, ciwon shanyewar jiki ya kama shi. Aka fid da rai da shi. Ya tashi, amma hannunsa na hagu bai ƙara moruwa ba, yana kuma jan ƙafa har ƙarshen ransa. Bayan wata uku ya sa aka ɗauke shi aka maida shi wajen tsutsotsin siliki. Daga nan almajiransa suka zama hannuwansa: shi ke tsara gwaji yana dubawa, su ke riƙe kwalba da allura.

Ƙwayar da ke ɓuya cikin rauni

A 1877 ya shiga binciken ciwon saifa, wanda ke kashe tumaki da shanu. Wani likitan Jamus, Robert Kok, ya riga ya bi rayuwar ƙwayar wannan ciwo a 1876. Amma akwai masu musu. Suna cewa sun ɗebi jinin dabbar da saifa ta kashe, sun yi ma zomaye allura, zomayen sun mutu, kuma ba a ga ƙwayar saifa cikin jininsu ba.

Paster ya tafi wani wurin da ake tara mushe kusa da garin Shartar. Ya tarar da tunkiya wadda ta mutu awa 16 da suka wuce, da doki mai kwana ɗaya, da saniya mai kwana biyu. Cikin jinin tunkiya ƙwayar saifa kaɗai ya gani. Cikin na doki ya ga wata ƙwaya ta biyu ta shigo. Cikin na saniya ta biyun ta rinjaya. Shi da abokin aikinsa Juber suka gano cewa wannan baƙuwa daga hanji take fitowa bayan dabba ta mutu, ita ce kuma ke kashe zomayen. Suka yi ta ƙoƙarin renonta cikin romo, ta ƙi. Sai Paster ya tuna da ƴan sandunan 1861. Suka zuƙe iskar kwalbar, nan da nan ƙwayar ta yaɗu. Ita ce ƙwayar cuta mai gudun iska ta farko da aka gano.

To, in iska tana kashe ta, yaya take kai wa daga wannan jiki zuwa wancan? In ta ji wuya sai ta dunƙule cikin ɓawo mai tauri, ta yi barci, kamar irin ciyawa da ke jiran damina. Ana ce ma wannan dunƙule sipor. Iska ba ta kashe shi. Yana iya shekaru cikin ƙasa ko ƙura. Ran da ya faɗa cikin rauni mai zurfi, inda nama ya daddage jini ba ya gudu, sai ya farka.

Paster ba likita ba ne, amma a watan Afirilu na 1878 ya tsaya gaban majalisar likitocin Faransa ya ba su shawara. Ya ce mai fiɗa ya wanke hannu sosai, ya gasa kayan aikinsa, ya yi aiki da ruwan da aka tafasa da ƙyallen da aka dafa. Wani likitan Ingila mai suna Lister ya riga ya karanta rubuce-rubucensa, ya fara tsabtace raunuka tun 1865, mutuwa ta ragu ƙwarai a asibitinsa.

Rigakafi

Wajen 1880 Paster ya lura cewa ƙwayar wata cutar kaji tana rasa ƙarfi in ta daɗe cikin kwalba iska tana taɓa ta. Kazar da aka yi ma allura da raunanniyar ƙwaya ba ta mutuwa, kuma in mai ƙarfin ta zo daga baya ba ta kama ta. A watan Mayu na 1881 ya yi gwajin rigakafin saifa gaban jama'a a wata gona da ake kira Puyi-la-For. Aka raba tumaki wajen 50 gida biyu, aka yi ma rabi rigakafi, sa'an nan aka sa ma duka cutar. Ran 2 ga Yuni jama'a suka dawo. Waɗanda ba a yi ma rigakafi ba sun mutu ko suna gargara, sauran kuwa suna tsaye.

A nan akwai abin da bai faɗa ba. Ya bar mutane suna zaton da iska aka raunana ƙwayar, kamar ta kaji. A 1964 jikansa ya ba babban ɗakin karatu na Faransa littattafan da yake rubuta aikinsa na kullum. Da masana tarihi suka karanta, sai suka ga da wani sinadari almajiransa Shamberlan da Ru suka raunana ta, dabarar da ta yi kusa da ta wani likitan dabbobi mai suna Tusan, wanda ke takara da shi. Rigakafin ya yi aiki, amma Paster ya ɓoye wani sashe na gaskiya don kada a raba yabo da shi.

Ran 6 ga Yuli 1885 aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 9, Jozef Mester, wanda mahaukacin kare ya cije. Paster yana da maganin da ya gwada bisa karnuka. Bayan shawara da likitoci, aka yi ma yaron allura 13 cikin kwanaki kamar 10. Yaron bai kamu ba. Mutane daga ƙasashe da yawa suka tara kuɗi, aka gina cibiyar bincike mai sunan Paster a Pari, aka buɗe ta ran 14 ga Nuwamba 1888. Paster ya rasu ran 28 ga Satumba 1895, yana da shekara 72. Kabarinsa yana cikin wannan cibiya.

Abin da aka gano bayansa

Yanzu an san cewa ƙananan halittu sun kasu kashi-kashi wajen iska. Akwai waɗanda ba su rayuwa sai da oksijen. Akwai waɗanda oksijen ke kashewa. Akwai masu zama ta hanya biyu, kamar yisti. Akwai kuma masu son oksijen kaɗan, wajen kashi 2 zuwa 10 cikin 100. In babu sam ba su girma, in ya kai na iskar waje kuma ya yi musu yawa. Cikin waɗannan akwai ƙwayar da ke zaune a hanjin kaji, mai sa zawo in an ci naman da bai dahu ba. Akwai kuma wadda ke lafewa cikin majinar da ke lulluɓe tumbin mutum. A 1982 likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Marshal da Waren, suka yi nasarar renonta, suka nuna ita ce ke kawo yawancin gyambon ciki. An ba su kyautar Nobel a 2005.

Cikin masu gudun iska, wadda ta fi haɗari a karkara ita ce ƙwayar tetanos, ciwon da ke datse haƙora ya sandarar da jiki. Wani ɗan ƙasar Japan, Kitasato, shi ya fara renonta ita kaɗai a 1889, cikin kwalbar da aka fitar ma iska. A shekarun 1920 Gaston Ramon da abokan aikinsa na cibiyar Paster suka shirya rigakafinta. Sipor ɗinta yana cikin ƙasa da kashin dabbobi. Ƙusa ko ƙaya ko fartanya su ke tura shi can cikin nama, bakin raunin ya rufe, iska ta daina shiga. Shi ya sa ƙaramin huji mai zurfi ya fi ƙujewa mai faɗi haɗari. Irin wannan rauni ana wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, ba a cusa masa ƙasa ko kashin shanu, a kuma tafi gidan likita. Cibiyar jariri ma haka: da sabuwar reza ake yanke ta, ba a shafa mata toka ko ƙasa, uwa kuma ta karɓi rigakafi tun tana da ciki. Harbin daji da ke kashe maruƙa, da dafin da ake samu cikin gwangwanin abinci da ya kumbura, duka aikin dangin wannan ƙwaya ne.

Amma yawancin masu gudun iska ba su cutar da kowa. Tumbin saniya da na raƙumi cike suke da su. Su ne ke narkar da ciyawa, in babu su dabbar ba ta samun amfanin abin da ta ci. A marina ma suna aiki. In marini ya zuba baba da toka cikin rami ya bar su kwanaki, ƙwayoyi suna shanye oksijen da ke cikin ruwan, su sauya baban ya narke ya iya shiga zare. Shi ya sa zane ke fitowa daga rami da launin kore-kore, sai ya sha iska sa'an nan ya koma shuɗi. Marina sun san wannan aiki ɗaruruwan shekaru kamin a haifi Paster. Dalilinsa ne ba a sani ba, sai bayan da ɗan majemin Arbuwa ya tsaya ya duba bakin ɗigon ruwa.

Tambayoyi

1. Wace sana'a uban Paster yake yi? A wane gari Paster ya tashi?
2. Me ya gani cikin gangunan Bigo masu kyau, me kuma ya gani cikin waɗanda suka yi tsami?
3. Mene ne bambancin ƙwayoyin tsakiyar ɗigon ruwa da na bakinsa?
4. Wane gwaji ya yi don ya tabbata iska ce ke kashe su?
5. Mene ne sipor? Ina yake farkawa?
6. Me littattafan aikinsa suka bayyana game da gwajin 1881?
7. Don me hujin ƙaya mai zurfi ya fi ƙujewa haɗari?
8. Ku je marina ko majema mafi kusa, ku tambayi masu aikin kwana nawa suke barin rami yana tsimuwa, ku rubuta abin da kuka gani.